Kafin Ki Miƙa wa Ɗan Gwangwan Tsohuwar Badujala

Zancenmu na wannan mako zancen ganga ne. Na san wata za ta ce, ina ruwan matar aure da gangar soja? To, ki yi haƙuri ki ji. Ganga dai namiji ke kaɗa ta, amma in ya tsufa ya rataye ta, ko kuwa Allah Ya karɓi abinSa, a hannun wa take komawa? Mu ne masu sharar ɗaki, mu muka san abin da ke bayan randa da ƙarƙashin gado, mu ne kuma ɗan gwangwan yake yi wa sallama da hantsi, sa'ad da maza suka tafi gona. Shi kuwa ɗan gwangwan ba ya tambayar shekarun abu, sikeli kaɗai ya sani. Ya ɗora, ya faɗi kilo, ya ba ki kuɗin da ba su kai na cefanen kwana biyu ba, ko ya musanya miki da robar wanki, shi ke nan abin da ya shekara tamanin a duniya ya tafi gidan narka.

Kada ku yi mamakin samun irin waɗannan ganguna a ƙasar manoma. Ƙasarmu ta Funtuwa da Malumfashi, har Bakori da Ɗanja da Ƙafur, an san ta da auduga da dawa da masara, amma in kin bincika garuruwanmu ba za ki rasa gidan da har yau ake ce masa gidan Saje ko gidan Kofur ba. Zariya ga ta nan kusa, a can kuwa ake horar da kuratan soja tun 1924, jirgin ƙasa kuma ya ratsa Funtuwa har ya kai Ƙauran Namoda cikin 1929. Da aka yi Yaƙin Duniya na Biyu samarinmu da yawa suka shiga soja, aka kai su Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma. Ta 81 alamarta gizo-gizo ce, ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye bisa gammo. Waɗanda Allah Ya dawo da su, wasu suka koma gona, wasu suka shiga 'yan doka na En'e, wasu suka yi gadi a injin gurzar auduga na kamfanin B.C.G.A. Wanda ya iya kiɗa kuwa, shi ake kira ya koya wa yaran elementare maci. Dā ana yin faretin ne ran 24 ga Mayu domin bikin daular Ingila, bayan samun mulkin kai cikin 1960 aka koma 1 ga Oktoba, ga kuma ranar yara, 27 ga Mayu. Ta haka ganguna suka yi ta sauka daga bariki zuwa makaranta, daga makaranta zuwa ɗakin tsoho.

Wadda nake nufi ita ce 'yar gajeriyar nan da ake ratayawa a kwiɓi, a kaɗa ta da 'yan sanduna biyu miƙaƙƙu. Faɗin fuskarta galibi inci 14 ne, tsayinta kuwa inci 12 ko ƙasa da haka. In kin kifa ta za ki ga tsarkiyoyi a jere kwance bisa fatar ƙasa. Su ne ke ba ta wannan ƙara ta tarrr, wadda ke sa yaro ya bar tuwo ya ruga bakin titi. Mu ma ai gangarmu ta gargajiya tana da 'yar tsarkiya bisa fata mai sa ta zuga, shi ya sa, a ganina, kunnen Bahaushe bai ɗauki badujala baƙuwa ba ko kaɗan.

Abin da ya sa na san ɗan abin da zan gaya muku, a gidanmu akwai guda. Ta Baffana ce, wan mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Ya shiga soja cikin 1942, ya je Bama ya dawo, bai kuwa tuɓe kaki ba sai da aka kusa samun mulkin kai, yana cikin masu kiɗa. Da ya koma ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi sai ya riƙa koya wa 'yan makaranta maci. Bayan ƙasa ta zama jamhuriya cikin 1963 aka aiko wa makarantar tsofaffin ganguna daga bariki, ya ga wadda ya saba ratayawa a cikinsu, daga baya da aka sayi sababbi aka bar masa ita. Tun rasuwarsa tana ɗakin matarsa, wadda muke kira Inna, rataye a ƙusa, an lulluɓe ta da tsohon zane. Duk jikan da ya shiga ɗakin sai ta nuna masa, ta ce, "Ka ga gangar kakanka, wadda ta je Bama."

Cikin daminar 2019 rufin ɗakin Inna ya fara yoyo. Ana cikin shawarar kuɗin kwano sai ga wani mai yawon sayen kayan dā ya ji labarin gangar, ya zo ya taya. 'Ya'yan Baffa suka rabu biyu, masu cewa a sayar da masu cewa a bari. Sai wani jikan gidan, ɗan jami'a ne, ya ɗauki hoton zanen da ke jikinta, ya yi ta latsa wayarsa, can ya ɗago kai ya ce, "Inna, wannan gangar ba ta taɓa zuwa Bama ba. Kambin da ke jikinta na Sarauniya ne, ita kuwa Sarauniya sai da aka gama yaƙi da shekara bakwai ta hau." Yaron bai yi nufin sharri ba, abin da ya faɗa game da kambi kuwa gaskiya ne. Amma Inna ba haka ta ji shi ba. Abin da ta ji shi ne an ce mijinta ya yi mata ƙarya shekara arba'in. Ta ce, "To, ku ba shi ya tafi da ita," ta juya ta fuskanci bango, ranar ko furar dare ba ta sha ba.

Ni na roƙa aka dakata. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, na kai yara fareti ba sau ɗaya ba, na kuwa san wani tsohon saje a Funtuwa wanda ya ƙare aikinsa cikin 'yan badujala, shi yake gyara mana gangunanmu in sun fashe. Muka sa gangar cikin buhu, muka ɗora a mota ran Litinin. Abin da ya nuna mini a ranar, da wanda na ƙara karantawa daga baya, shi zan zayyana muku.

Abu na fari da za ki duba, da me aka ɗaure fatar. Ta dā tana da kewayen katako biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar bakin rariya, an zarga farar igiya tsakaninsu tana hawa tana sauka. A jikin igiyar akwai 'yan fatu masu kama da kunne. In makaɗi zai yi kiɗa sai ya ja kunnuwan ƙasa, igiya ta ɗame, fata ta miƙe, in ya gama ya sassauta su. Ta baya kuwa ba igiya, sai sandunan ƙarfe masu noti kewaye da ita, ana ɗaure su da ɗan makulli. Mai igiya dai ita ce tsohon yayi, amma kada ki yanke hukunci da igiya kaɗai, gama har yanzu ana ƙera masu igiya domin bukukuwan soja. In mai noti ce, ki dubi kan notin. Tsofaffin na Ingila da yawa kan notinsu tsaga gare shi, irin wanda ake kwancewa da sukundireba ko da bakin kwabo, na baya kuwa kansu mai kusurwa huɗu ne.

Sa'an nan jikin gangar. Na sojan Ingila na dā da yawa da tagulla aka yi su, wasu da katako. Tagulla in ta daɗe takan dushe ta yi duhu, har ta yi kore-kore a lungu. Ga dabara mai sauƙi wadda ko yarinya 'yar aji uku za ta iya: ki sami maganaɗisu, ko na tsohuwar rediyo ne, ki kanga a jikinta. In ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan ƙyalli. In ya faɗi, tagulla ce ko goran ruwa, launi da nauyi za su raba miki su, gama goran ruwa fari ne, ba shi da nauyi. Ɗan gwangwan ma da maganaɗisun yake yawo a aljihu, bai dai gaya miki abin da ya gani ba.

Fata da tsarkiya su ma suna magana, sai dai maganarsu ba ta da ƙarfi. Dā fatar maraƙi ake sawa, tsarkiyoyin ƙasa kuwa da hanjin dabba ake murza su, launinsu kamar na busasshiyar jijiya. Fatar roba ba ta shigo kasuwa sosai ba sai 1957, lokacin da kamfanin Remo na Amurka ya fito da tasa, tsarkiyar waya mai nannaɗe kuma ta kori ta hanji a hankali. Amma ku tuna da fartanya. Ana sake mata ƙota sau biyar, ruwan yana nan na kaka. Haka ganga, fata takan fashe a sake, igiya takan ruɓe a sake, har fatar akuyar ƙauyenku ma kina iya tararwa bisa gangar da aka ƙera a London. Saboda haka sabuwar fata ba ta mai da ganga sabuwa. Shekarun ganga a jikinta suke.

Yanzu mu zo ga zanen, wanda ya jawo mana rigima. Gangar bataliya akan yi mata ado da fenti a gaba, da tambarin sarautar Ingila, watau zaki da doki mai ƙaho ɗaya, ko kuwa alamar rundunar, da sunayen wuraren da ta yi yaƙi a rubuce cikin 'yan layuka. Alamar sojan Afirka ta Yamma itacen kwakwa ce. In kin ga haruffa W.A.F.F. a ƙarƙashinta, zanen ya riga 1928. In akwai R a gaba, watau R.W.A.F.F., daga 1928 ne zuwa 1960. Sojan Nijeriya kuma cikin 1956, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta zo aka yi mata hawan daba a Kaduna, aka sa musu sunan rundunar Sarauniya ta kanta, to, in zanen ya ambaci Sarauniya ba zai riga wannan shekara ba. Akwai kuma haruffan sunan mai mulki. G da R da V a tsakani na Sarki Joji na Biyar ne, 1910 zuwa 1936. In VI ne a tsakani, Joji na Shida ne, 1936 zuwa 1952. E da R da II a tsakani na Sarauniya ne, daga 1952.

Kambin kuwa iri biyu ne, in kin gane su sau ɗaya ba za ki sake ruɗewa ba. Wanda ake sawa zamanin sarakuna maza, daga wajen 1902 zuwa 1953, samansa a tashe yake, kamar an kife ƙwarya. Wanda aka koma sawa bayan naɗin Sarauniya cikin 1953 kafaɗunsa ne a tashe, tsakiyarsa ta lotsa, kamar hular da aka danna da yatsa. Sai dai a lura da abu biyu. Na zamanin Sarauniya Biktoriya, kafin 1901, shi ma sau da yawa tsakiyarsa a lotse take, Sarki Charles kuma da ya hau cikin 2022 ya dawo da mai kama da kifaffiyar ƙwarya. Amma waɗannan biyu da wuya ki gamu da su a ƙauyukanmu.

Tamu lotsattsen kambi gare ta, babu musu. Saje ya dube shi ya gyaɗa kai, ya ce, "Malama, yaronku ya karanta riga, bai dubi mai rigar ba." Ya ce in sarauta ta sake, ba a zubar da ganguna, fenti ake kankarewa a sake zane. Ya ɗauke ta ya fita da ita hasken rana, ya karkata ta, ya ce in sa ido daidai gefen kambin. Wallahi sai ga alamar wani tsohon zane a ƙarƙashi, ɗan tudu-tudu yana bin siffar ƙwarya, ya fi sabon faɗi kaɗan. Bai tsaya nan ba. Kowace ganga tana da 'yar huda a kwiɓi wadda iska ke fita. Ya jiƙa tsumma ya goge daidai wurin a hankali, dauɗar shekaru ta tashi, sai ga rubutu an buga cikin tagullar: Hawkes & Son, da London a ƙasa.

Wannan suna shi ya raba gardama. Hawkes & Son kamfani ne na masu ƙera kayan badujala a London, cikin 1930 ya haɗe da wani kamfanin mai suna Boosey, suka zama Boosey & Hawkes. Saboda haka gangar da ke ɗauke da tsohon sunan galibi an ƙera ta ne kafin haɗewar nan. Watau gangar Baffa ta girmi yaƙin Bama da shekara goma da wani abu, tana aikin soja tun yana yaro yana kiwon awaki. Na ce, "To Baba, ta je Bama ke nan?" Ya yi dariya ya ce, "'Yata, ganga takan faɗi shekarunta, ba ta faɗin inda ta kwana. Abin da zan iya shaida shi ne, ran da aka yi yaƙin nan tana duniya, tana kuwa hannun soja."

Haka na kai wa Inna, ban ƙara ba ban rage ba. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Shi dai abin da ya ce mini, tare suka yi soja." Ta sa aka mayar da ita ƙusarta. Kwanon rufi kuwa karo-karo aka yi a dangi aka saya, jikan nan ɗan jami'a shi ya hau ya buga ƙusoshin, yanzu kuma in baƙi sun zo shi ke nuna musu inda sunan kamfanin yake.

Ban da Hawkes akwai sunayen da za ku iya tararwa. Akwai Potter, gidan da ya fara sana'ar nan tun 1810, wasu gangunan nasu an rubuta Henry Potter na London, wasu George Potter na Aldershot, garin soja, sun kuwa yi suna wajen zanen nan na fenti. Akwai Premier, wanda aka kafa a London cikin 1922, saboda haka mai wannan suna ba za ta girmi shekarar nan ba, ko da mai sayarwa ya rantse miki ta ga zuwan Lugga. A jikin mai katako sau da yawa sunan ba a waje yake ba, takarda ce aka manna a ciki daura da hudar iska. Ki sa ido a hudar, wata ta haska miki tocila ta bayan fata, za ki iya karantawa ba tare da kin kwance komai ba. In kuma kin ga wata 'yar alama kamar sawun kaza, layi uku sun haɗu a sama kamar kan kibiya, wannan shaidar kayan gwamnatin Ingila ce. Ki duba cikin kewayen katakon kuma, wani makaɗin yakan karce sunansa ko lambarsa ta soja, sai a gwada da wadda ke cikin littafinsa na sallama in yana nan.

Akwai wata iri dabam da ya kamata ku sani, ko da yake ba ta cika zuwa ƙauye ba. Ku da kuke kallon faretin Kaduna ko na Abuja a talabijin kun ga masu busa wata irin algaita mai salka a hammata, da sanduna a kafaɗa. Busar mutanen Sikotilan ce, soja suka kawo ta. Mai algaitarmu kumatunsa ne ma'ajin iska, shi kuwa wancan salkar ce ke riƙe masa. Gangar da ke bin wannan busa ba irin ta sauran badujala ba ce. Ƙararta a tsuke take, kamar ƙanƙara na zuba bisa kwano, dalili kuwa tsarkiyoyinta jeri biyu ne, ɗaya a ƙarƙashin fatar ƙasa kamar kowa, ɗaya a ɓoye a ciki yana taɓa fatar sama. In kina so ki gane ta, ki leƙa ta fatar ƙasa in mai garau ce, za ki hango wayoyin sama, ko ki ga ƙarin marfin murɗawa a kwiɓi. Daga wajen shekarun 1980 aka koma sa musu fatar wani zare mai ƙarfi da ake kira Kevlar, irin wanda ake rigar sulke da shi, ana ɗaure ta tamau, saboda haka na baya-bayan nan suke da nauyi ƙwarai, da kaurin ƙarfe da noti rututu. Premier suna yin su, da Pearl na Japan, da Andante na Arewacin Ailan. In kuka sami tsohuwar irin wannan a makarantarku, kada a bar mai gyara ya sa mata fatar zamani ya ɗaure da ƙarfi. Jikinta ba a yi shi domin wannan matsi ba, zai lotse, kamar a ɗora wa tsohuwar jaka buhun masara biyu.

Galibin gangunan da yaranmu da 'yan agaji ke kaɗawa yau na Sin ne, ko na Indiya, ko na garin Sialkot na Pakistan, wasu ma maƙeran gida ne suka lanƙwasa kwano suka sa fatar akuya. Ban raina su ba, da su muka ci gasar maci har sau biyu. Amma a Indiya da Pakistan ana yin sababbi masu igiya da tagulla da kambi, waɗanda in an bar su cikin ƙura wata shida sai su yi kama da na dā. Ana gane su da rashin nauyi, da kaifin bakin tagullar, da zanen da aka manna kamar takarda maimakon a shafa da hannu. Zanen hannu in kin shafa yatsa za ki ji sawun burushi. Tsohuwa ta gaske kuma tana da inda ta goge, wajen da ta yi shekaru tana gugar cinyar mai ita.

Saura kiyayewa, nan ne kuwa nake jin tsoron mu mata, domin tsabtarmu ce kan yi ɓarna. Mace ta ga tagulla ta dushe, sai hannunta ya yi ƙaiƙayi, ta ɗebo toka da tsamiya, ko lemun tsami da yashi, ta dirje ta kamar tukunyar biki. Kafin la'asar ga ganga tana walƙiya, kambi da kwakwa da sunayen yaƙi duk sun bi ruwan wanki zuwa rariya. Don Allah kada ki yi haka. Busasshen tsumma mai laushi ya isa, inda babu fenti kaɗai za ki ɗan jiƙa shi. Kada ki ajiye ta a ƙasa ko ki jingina ta da bangon laka, gara ba ta jin kunyar katakon London. Ki rataye ta nesa da hayaƙin murhu da inda rana ke faɗawa. Da hunturu fata takan bushe ta ɗame da kanta har ta tsage, saboda haka ki tura kunnuwan nan sama igiya ta saki, ki ɗan shafa musu man kaɗe kada su karye. Da damina kuma ki riƙa buɗe zanen tana shan iska, kada ta yi fumfuna. In fata ta riga ta fashe, a bar ta haka ya fi a ba wanda bai sani ba ya kwance. Igiyar nan guda ɗaya ce doguwa, in aka zare ta sai gwani ke mayarwa.

Ban ce haramun ne a sayar ba. Wata rana ciwo yakan zo, ko kuɗin makaranta, mutum ya sayar da abin da ya fi ganga. Amma ganga in ta mamaci ce kayan gado ce, ba ta wadda take ɗakinta kaɗai ba ce, sai magada sun yarda. In kuwa za a sayar, a san abin da ake sayarwa tukuna, kada rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. A ɗauki hotonta ta kowane gefe, da sunan kamfani da zanen, a nuna wa tsohon ɗan badujala in akwai shi kusa, ko a kai hoton gidan tarihi na Katsina, wanda ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, ko Gidan Makama a Kano, a ji ta bakin ma'aikatansu.

Ku kuma 'yan makaranta ga aikinku. Makarantun da aka gina tun zamanin En'e sau da yawa suna da ɗakin ajiya inda aka jibge karyayyun bencina da tsofaffin rajista. Ku nemi izinin shugabar makaranta ku leƙa, ku tafi da tocila da maganaɗisu da tsumma. In kun sami ganga, ku rubuta faɗinta da tsayinta, da igiya ce ko noti, da sunan da ke jikinta harafi-harafi yadda yake, ku zana siffar kambin in akwai. A gida kuma ku zauna da kakanninku mata tun suna da rai, ku tambaye su ta wane ne, yaushe ta shigo gidan, ku rubuta a takarda ku ɗaura a igiyar. Wadda ta sami wani abu ta aiko wa wannan fili da wasiƙa, da sunan garinsu, in Allah Ya yarda za mu buga.